Amana a rumfar hatsi: ta ina mutum zai kama?

Sabon Ɗan Rumfa, Marwa:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kawuna ya damƙa mini rumfarsa ta hatsi a nan Marwa ta Kamaru, jari nasa, zama nawa, riba mu raba. Dawa ce da masara da wake, sai masakwa, wato dawar rani, idan lokacinta ya yi. Duk wanda na je yi wa sallama magana ɗaya yake faɗa mini: ka riƙe gaskiya, ka riƙe amana. Na ji kuma ina so. Amma da na zauna a rumfar sai na ga faɗa da baki ya fi sauƙi. Mudun saye daban, na sayarwa daban, an ce mini haka kasuwa take. Akwai ragowar waken bara da ƙwari suka fara taɓawa, an ce in gauraya da sabo. 'Yan uwa sun fara turo yara karɓar bashi. Ga maganar ajiya kuma: in na sayi hatsi da kaka na ajiye har damina, kasuwanci na yi ko ɓoye abinci? Don Allah waɗanda suka san harkar su faɗa mini dalla-dalla abin da mai tsoron Allah yake yi a waɗannan wurare.

Baba Mai Awo, Kusuri:

Wa alaikumus salam ɗana. Kowa da kyakkyawar niyya yake fitowa daga gida da safe. Abin da ke kayar da mutum shi ne bai yanke wa kansa hukunci tun a gida ba, sai mai saye ya tsaya a gabansa, maƙwabcin rumfa yana kallo, kuɗi na hannu, sannan ya fara shawara da zuciyarsa. Shawarar da aka yi a irin wannan lokaci aljihu ne yake cin ta. Don haka ka zauna kai kaɗai ka lissafa abubuwan da ba za ka yi ba ko da duk layin na yi, ka sanar da kawunka, ka sanar da yaron da ke taya ka awo. In ka yi haka, ranar da abin ya taso ba sai ka tsaya tunani ba.

Ka fara da mudu. Guda ɗaya za ka riƙe, da shi za ka saya, da shi za ka sayar. A nan wajenmu da tsallaken gada a Injamena da koro ake awo, cikakken koro na gero ko dawa yana kai wajen kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 ya ba ka koro 40. Hanyoyin cuta a awo sanannu ne. Ana bubbuga gindin kwanon ya lotsa ciki, ana rage bakinsa kaɗan, ko kuma a bar kwanon lafiya a yi aikin da hannu: wajen saye a cika har tsororuwa a tare da tafin hannu, wajen sayarwa a share da gefen hannu kamar ba da gangan ba. A ce giram 100 kawai ake ragewa a kowane koro. Ido ba ya ganinsa. Amma a buhu guda kilo 4 ke nan, koro ɗaya da rabi har da ɗoriya. Magidancin da ke awon koro guda kullum, a wata an cire masa kilo 3. Tuwon yini guda ke nan an zare daga bakin yaransa, kowane wata, shi kuma yana yi maka godiya yana tafiya.

Ka ɗauki mudunka ka kai wajen mai sikeli nagari, ka auna shi da dawa, da masara, da wake, kowanne daban domin nauyinsu ba ɗaya ba ne, ka rubuta. Duk wata ka sake, saboda kwano yana lotsewa da kansa in yana faɗuwa ƙasa.

Za a ce maka in ba ka saya da babban mudu ba, ba za ka fita ba. Ribarka ka sa ta a farashi, inda kowa yake gani. In masu babban mudu suna biyan manomi kaza, kai ka lissafa nawa kilo ya kama a wajensu, ka faɗi naka farashin a kan naka mudun, ka bar mai kaya ya auna da hannunsa in yana so. Matan ƙauye da ke kawo hatsi sun san adadin abin da suka zuba a buhu tun daga gida. Rumfar da lissafinsu ya fito daidai, can za su koma mako mai zuwa, su jawo maƙwabta.

Malam na Unguwar Hausawa, Garwa:

Allah ya saka wa Baba. Mudu biyun nan da aka ce maka haka kasuwa take, shi ne ainihin abin da farkon Suratul Muɗaffifina ya siffanta: masu cika awo idan su ne za su karɓa, su tauye idan su ne za su bayar. Yawan masu yin abu ba ya halatta shi.

Maganar gauraya wake kuwa, ƙa'idar a taƙaice ita ce: duk aibin da in mai saye ya sani zai rage kuɗi ko ya fasa, dole ka bayyana masa, ko bai tambaya ba. Hadisi ingantacce ya zo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wajen tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce mai algus ba ya cikinmu. Ka lura ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen ba, ɓoyewar aka hana. To kai ma waken baran nan ka tankaɗe shi, ka shanya, ka zuba shi a tasarsa daban, ka ce na bara ne, ga kuɗinsa. Masu ƙosai da masu alala da za su jiƙa su surfa su markaɗa a ranar suna iya saye in sun ga sauƙi. Wanda ya lalace sosai ya tafi wajen masu kiwo. Wanda ya yi funfuna ko wari, wannan ba na sayarwa ba ne. Za ka yi asara kaɗan, ka rubuta ta a littafi da sunanta ka nuna wa kawu. Haka nan zuba mai kyau a bakin buhu, tsakuwa da ƙaiƙayi a gindi, duk hukunci ɗaya ne.

Ka kiyayi rantsuwa. Wallahi ban saya haka ba, billahi faɗuwa zan yi, wannan ta zama ruwan sha a bakin 'yan kasuwa. Babu wanda ya tilasta maka faɗin nawa ka saya. Kana iya cewa ga yadda zan sayar, ka yi shiru. Amma in ka buɗe baki ka faɗi kuɗin saye, to ya zama na gaskiya.

Tsakaninka da kawunka ƙiradi ne, wato jari na wani, aiki na wani, a raba riba. Rabon riba ya zama kaso sananne, rabi ko sulusi, ba adadin kuɗi yankakke ba. In an yi asara ba da sakacinka ba, a kan jari take, kai kuma wahalarka ce ta tafi. In ka yi sakaci ko ka saɓa sharaɗin da ya gindaya, kai za ka biya. Bashi daga dukiyarsa ba ka da ikon bayarwa sai da izininsa. Ku zauna ku rubuta wannan tun yanzu da ake dariya.

Ajiya kuma, malamanmu na Malikiyya sun rataya hanin a kan cutar da jama'a. Ka sayi dawa da kaka, ko masakwa wajen Fabrairu da Maris lokacin da ta cika kasuwa manoma suna neman mai saye, ka adana, ka fitar a Yuli da Agusta da riba, wannan kasuwanci ne, har ma amfani ne, domin in babu mai adanawa babu abin da za a auna da damina. Abin da aka hana shi ne lokacin da abinci ya yi ƙaranci ka bi kasuwa kana kwashe ɗan abin da ya shigo don farashi ya ƙara hawa, ko ka kulle sito mutane na nema kana jiran ya ninka, ko ku haɗa baki 'yan layi ku ƙi fitarwa. Ka yanke wa kanka tun ranar saye: in riba ta kai kaza zan fara fitarwa, buhu kaza duk mako. Wanda bai yanke ba, kullum gani yake gobe za ta fi yau.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma zai zo maka da damina: falle. Manomi zai zo abinci ya ƙare, ya ce ka ba shi buhu guda ya biya biyu da kaka. Wannan ribar haram ce tsagwaronta, wato kuɗin ruwa, kada ka kusance ta. In kuɗi za ka ba shi a kan hatsin da zai kawo, to ka biya duka a take, a faɗi irin hatsin, da yawan awo, da lokacin kawowa, kada a ɗaure shi da wata gona guda. Kuma kada ka dubi yunwarsa ka karya farashin har ƙasa. Cinikin yana iya inganta a fiƙihu alhali an zalunci mutum.

Mai Sito, Gidar:

Ƙanena, ni ta wajen ajiya zan shigo, domin a nan ne ake cutar da mutane fiye da mudu, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa. Mudu aljihu yake taɓawa, maganin ƙwari kuwa ciki yake shiga.

Kada ka taɓa zuba maganin feshin auduga ko na gona a cikin wake ko masara, komai arharsa, komai wanda ya ce maka yana yi. Ba don abinci aka yi shi ba, wanki da dafuwa ba su da tabbacin fitar da shi. Ƙwayar nan mai fitar da iska da ake sa wa a buhu ita ma guba ce mai kisa: ba a sa ta a ɗakin da ake kwana ko mai haɗe da shi, ba a jefa ta tsirara cikin hatsi, sai an naɗe a takarda ko ƙyalle don a cire tokarta, wurin ya kasance a rufe ruf, bayan an buɗe a bar kayan su sha iska sosai kafin a kai rumfa. In ba ka da wanda ya koyi aikin, ka bar ta gaba ɗaya.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar magani, kuma a garinku aka faro ta. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, masu binciken noma na Marwa da na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fara gwada dabararsa a kan wake a ƙarshen shekarun 1980. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ka duba kowace leda ba ta da huji, ka sa ɗaya cikin ɗaya, ka zuba wake kana girgizawa ya zauna, ka matse iskar da ta rage, ka murɗe bakin ledar ciki ka lanƙwasa ka ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta saura, su daina ci da haihuwa, su mutu. Inda ake kuskure uku ne: a riƙa buɗewa ana ɗiba, ko ɓera ya huda, ko a zuba kaya da danshi. Ka ɗora buhunan a kan katako, ka janye su daga bango yadda mutum zai iya zagayawa.

Waken baran da ka ce, bayan tankaɗe ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, baƙar leda a kai, ka baza waken ba da kauri ba, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ka naɗe gefunan ka danne da duwatsu, ka bar shi awa biyu da tsakar rana. Zafin yana kashe ƙwarin har da ƙwansu. Hujin da suka riga suka yi yana nan, don haka maganar Malam ta bayyana aibi tana nan daram.

Danshi kuma ka san lissafinsa don kada a cuce ka, kada kai ma ka cuci wani. Masarar ajiya ana so danshinta ya sauka wajen kashi 13 cikin 100. In ka sayi buhu mai kilo 100 da danshi kashi 18, idan ya bushe zai dawo wajen kilo 94. Kilo 6 ruwa ka saya. Gwaji mai sauƙi: busasshiyar kwalba, ka zuba hatsin kamar sulusinta, ka ƙara busasshen gishiri cokali biyu ko uku, ka rufe ka girgiza minti guda, ka ajiye kwata ɗin awa ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba. Masara ko gyaɗar da aka ɗaure da danshi tana yin funfuna, funfunar nan kuma tana haifar da guba mai lalata hanta, wadda niƙa da dafuwa ba sa kashewa. Wasu in masara ta yi haka sai su kai inji a niƙa su sayar da gari, tunda a gari ba a gani. Ka sa wannan cikin abubuwan da Baba ya ce ka rubuta ba za ka yi ba.

Goggon Adashi, Gaundare:

Ɗana, sannu da ɗawainiya. Maza sun yi maganar mudu da sito, ni bashin 'yan uwa zan taɓa, don shi ne yake rufe rumfa ba a ji ƙararsa ba. Ka yi lissafi: a ce buhu ka saye shi sefa 20,000, ribarka a kansa 1,500. Buhu guda ya tafi bashi bai dawo ba, sai ka sayar da buhu 13 da wani abu kafin ka cike ramin. Kuma kunya ce take jawo shi, ba tausayi ba. Mutum ya kasa cewa babu, ya bayar yana ƙunci, ya kasa tambaya, daga baya a daina gaisawa. An rasa kuɗi an rasa zumunci.

Ka raba abin gida biyu. Wanda ka san ba shi da halin biya, gwauruwa mai marayu, tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, kada ka kira nasa bashi. Ka ba shi abin da za ka iya, mudu biyu ko uku, ka ce kyauta ce, ka ciro kuɗin daga aljihunka ka zuba a akwatin rumfa a take, domin ba a yin sadaka da dukiyar kawu. Wanda yake da abin shiga, shi ne na littafi: suna, kaya, kuɗi, rana, da ranar biya. Ranar biyan ka daidaita ta da lokacin da kuɗi ke zuwa masa, ma'aikaci ƙarshen wata, manomin auduga in an biya kuɗin auduga, mai albasa in ya fitar da kaya. Ka karanta masa abin da ka rubuta ya ji. In ya ce ashe ba ka yarda da ni ba, ka ce dukiyar ba tawa ba ce, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ku yanke da kawunka iyakar abin da zai fita bashi gaba ɗaya, misali kashi ɗaya cikin goma na jari. In ya cika, sai wani ya biya kafin wani ya karɓa. Kuma ba a ɗora sabo a kan tsoho.

Yaron da aka aiko kada ka ba shi bashi sai ka ji daga bakin wanda ya aiko shi, ko ta waya. Amma in da kuɗi ya zo, ka auna masa kamar uwarsa ce a tsaye, har ka fi. Matan da ba sa fita kasuwa suna sake aunawa a gida da nasu kwanon, kuma a gidan suna da gidan biki ake faɗin rumfar da ke cika awo da wadda ke yi wa yara wayo.

Canji ma ka kula. Silalla suna wuya, sai a ce babu 25, babu 50, a wuce. Ka cika masa da hatsi daidai kuɗin, ko ka rubuta ka ba shi gobe. Kuɗin waya kuma, Orange Money ko MoMo, ka ware layin rumfa daban da naka, kada ka saki kaya sai ka duba a wayarka ka ga kuɗin sun shiga. In wani ya turo bisa kuskure, ka tabbatar sun shigo da gaske, sannan ka mayar wa lambar da ta turo, ba wata lambar da aka karanto maka ba.

Sabon Ɗan Rumfa, Marwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Saura guda: in kawun da kansa ya ce in bar mudu biyun yadda na same su fa? Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, ba na iya ɗaga masa murya.

Baba Mai Awo, Kusuri:

Ba sai ka ɗaga murya ba ɗana, kuma kada ka yi masa maganar a rumfa gaban mutane. Ka same shi a gida bayan isha, ka ce Kawu ina neman alfarma, a bar ni in gwada mudu ɗaya na wata uku, in riba ta ragu a cire daga kasona. Dattijo yakan ji wannan fiye da a jawo masa aya, don kada ya ga kamar ɗan da ya rena ne yake masa wa'azi. A wata ukun nan ka riƙe littafi sosai: buhu nawa ya shigo, mudu nawa ya fita daga kowanne, masu kawo kaya nawa suka dawo. In ya ƙi, ka nemi wani babba da yake jin nauyinsa, amininsa ko limamin unguwa, ya yi masa magana a asirce. In duk da haka ya dage, to biyayya ba ta kai nan ba. Ka ba shi haƙuri, ka nemi a ƙirga kaya gaban mutum biyu, buhu nawa, buɗaɗɗu nawa, kuɗin akwati nawa, na waya nawa, bashin da ke waje nawa da sunayen masu shi, a rubuta takarda biyu kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya, ka miƙa masa makulli. Gaisuwar safe da zuwa gidansa kuma kada ka rage ko ɗaya, kuma dalilin barinka ya tsaya tsakaninku, kada a ji shi a layin 'yan hatsi.